Daɓen da Ya Ƙi Bushewa

Shekarar da muka zuba daɓen gidanmu na unguwar Abbey Wood, a nan ƙasar Turawa, ita ce shekarar da na daina amsa wa mutane idan sun tambaye ni yaushe za mu gama gini. Gidan ba a gine muka saye shi ba. Wani tsohon kango ne da ɗan fili a bayansa, maigidana ya gani ya ce mu rushe mu gina namu da kanmu, mu huta da flat ɗin hayar da muke ciki a Stratford, inda jirgin ƙasa ke girgiza mana taga duk wucewarsa. Shi ma'aikacin asibiti ne, hoton ƙashi yake ɗauka. Ni kuma ina aikin rediyo a sashen Hausa, can wajajen Marylebone. A cikinmu babu wanda ya taɓa riƙe cokalin magini. Magina suka tayar da bango suka yi rufi, sauran aikin kuwa, duk abin da ya kalla a waya ya ga kamar zai iya, sai ya ce wannan namu ne.

Sama muka fara gamawa, muka tare a can da 'yarmu, wadda lokacin ta shiga sakandare ke nan. Ƙasa kuwa fili ne fayau, ba kicin ba falo, sai wayoyin lantarki suna leƙowa daga bango. Ina girki a kan ƙaramin risho na lantarki a ɗakin da aka ce wata rana zai zama na baƙi, ina wanke kwanuka a bahon wanka.

Shi ne ya ce ba za mu rataya hita a bango ba kamar sauran gidaje. Daga ƙasa ɗumin zai riƙa tasowa. Za a shimfiɗa bututun roba ko'ina, ruwan ɗumi yana zagayawa a ciki, sannan a zuba daɓe a kai ya binne su. Daɓen ma ba irin wanda ake kwaɓawa da shebur ba ne, ruwa-ruwa ake zubo shi ta tiyo ya baje da kansa. Masu sana'ar suna ce masa screed.

"Su za su zuba," in ji shi, "amma bututun mu za mu jera. Ba wani abu ba ne, na ga yadda ake yi."

Haka Asabar da Lahadi suka riƙa ƙarewa muna durƙushe. Muka fara jera allunan da ke hana sanyin ƙasa tasowa, muka rufe su da leda, muka manne duk inda ledar ta haɗu don kada ruwan ya sami hanyar sulalewa. Sai bututun. Nannauyan naɗi ne mai taurin kai, kana miƙe shi yana komawa yadda ya saba. Shi yana gaba yana lanƙwasawa, ni ina bayansa ina kafe shi da 'yan ƙusoshin roba, layi bayan layi, daga bango zuwa bango. Ranar Litinin in na sauka daga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai in tsaya a gindin matakala ina kallonta kafin in fara hawa. Wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko ciwon gwiwa na gada, na ce mata a'a, gini na aura.

Wata rana muna cikin aikin na tuna daɓen ɗakin kakata a ƙauye, ina ƙarama. Matan unguwa suka taru da madaɓai, ana yayyafa ruwan makuba ana bugu ana waƙa, kafin la'asar an gama, an ci abinci, kowa ta kama gabanta. Na ba shi labari. Bai ɗago kai ba ya ce, "Wancan ai ba ya ɗumi." Na ce haka ne, amma an gama shi ran da aka fara.

A watan Janairu masu zubawar suka zo, da safe, ana yayyafi. Su biyu ne da babbar mota, suka jawo tiyo mai kauri ta ƙofar gaba. Abin ya fara kwararowa kamar kunun gyada da bai yi kauri ba, launin toka-toka, yana bin ƙasa a hankali yana haɗiye bututun da muka sha wuya a kansu. Ɗayansu ya shiga ciki da dogayen takalman roba, yana tafe yana bubbuga saman da wani dogon ƙarfe don iskar da ke ciki ta fita. Kafin azahar sun gama. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Ƙasan gidan gaba ɗaya ya zama kamar tafki, har hoton taga ake gani a ciki. Ba zan ɓoye ba, ya yi kyau, kuma ranar na ji daɗi.

Ogan nasu yana naɗe tiyo ya ce kada kowa ya taka sai bayan kwana biyu, a kuma rufe tagogi. Maigidana ya tambaye shi yaushe za a iya sa tayil. Ya ɗaga kafaɗa ya ce 'yan makonni kaɗan, abin yana da saurin bushewa. Wannan maganar maigidana ya riƙe.

Tunda ba hanyar hawa sama sai ta kan daɓen, a gidan maƙwabciyarmu muka kwana. Dattijuwa ce 'yar Gana, daga zangon Kumasi, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure suna wasu garuruwan. Ta daɗe tana aikin kula da tsofaffi kafin ta ajiye. Hajiya nake ce mata. Tun ranar da ta ji ina yi wa 'yata faɗa da Hausa ta kan shinge ta leƙo ta yi sallama, muka saba. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne a bakinta.

"Ka shigo, 'yar'uwa, ka shigo," ta ce da ta gan mu da jakunkuna. "Gida naka ne. Yarinya ya ci abinci?"

Bayan kwana biyun muka koma. Daɓen ya yi tauri, ana iya takawa, amma ruwan da ke cikinsa yana nan, kuma sai ya fita kafin a ɗora masa komai. Ta cikin gidan yake fita. Tagogi suka riƙa zufa, bango ya yi sanyi, kayan sawarmu a sama suka ɗauki wani wari kamar na rijiya. Da rana sai a buɗe tagogi iska ta ratsa, ga shi hunturu ne, ruwan sama kusan kullum, iskar da ke shigowa ta fi wadda ke fita jiƙa. Maigidana ya yi hayar injin tsotse danshi, mai ƙugi ba dare ba rana, da ɗan bokiti a cikinsa da ke cika a zubar. Zubar da shi ya zama aikina kafin in fita da bayan na dawo. An kunna ɗumin ƙasan amma kaɗan-kaɗan, wai a hankali ake ƙarawa don kada daɓen ya firgita. In ka taka ba ka jin komai.

Mai sa tayil ya zo ya manna wani ɗan akwati a ƙasa, mai agogo a kansa, wanda ke nuna yawan danshin da ya rage. Sai a bar shi kwanaki a wurin, sannan ya dawo ya duba. Ya duba ya ce ba tukuna. Ya sake dawowa ya ce ba tukuna. Ya ce in aka sa tayil a haka, ɓamɓarewa zai yi daga baya, shi kuwa ba ya son a kira shi ana faɗa. Maigidana ya buga wa ogan masu zubawar waya ya ji me ya sa 'yan makonnin suka zarce. Farko ogan ya ce laifin yanayi ne. Daga baya ya daina ɗauka.

Akwai kuma wata 'yar fata mai laushi da ke tasowa a saman irin wannan daɓen, wadda sai an kankare ta, in ba haka ba tana riƙe danshi kuma gam ba ya kama ta. Ya kamata a ce an yi tun da wuri, mu ba mu sani ba. Maigidana ya yi booking ɗin injin kankara, ya rataya leda a bakin matakala, ya sa takunkumi ya shiga aiki wata Asabar. Ledar ba ta hana komai ba. Ƙura fara sol ta hau sama ta shiga ko'ina, cikin shinkafa, cikin Alƙur'ani, cikin gashin kai. 'Yarmu tana da asma tun tana ƙarama, amma ta daɗe ba ta tashi ba. Washegari da hantsi ta fito daga ɗakinta tana riƙe da ƙirji.

"Mama, I can't breathe properly."

Na ba ta abin shaƙarta, bai yi ba. Muka wuni a asibiti, an sa mata abin numfashi a fuska, ubanta yana tsaye a gefen gado da farar ƙura a girarsa. Likitar ta tambayi abin da ya canza a gida, na gaya mata. Ta ce kada yarinyar ta sake kwana a can sai an gama an share. Daga asibiti gidan Hajiya muka wuce, ni da ita. Ban ma roƙa ba, ina fara bayani ta karɓi jakar daga hannuna.

A haka azumi ya same mu. Ni da 'yata a ɗaki ɗaya a gidan Hajiya, shi kaɗai a gidanmu da injin danshi. Daga tagar ɗakin da aka ba mu ina hango tagar ɗakinmu. Yana shigowa shan ruwa da magariba, ya ci, ya yi godiya, ya koma. Hajiya tana dafa shinkafa da wake irin nasu da yaji mai mai, ni ina yin kunu da ƙosai, muna gogayya a ƙaramin kicin ɗinta, kowa tana ce wa 'yar'uwarta yi haƙuri. Ba ta taɓa nuna mana gajiya ba. Ni ce na gaji. Na gaji da tafiya a hankali a gidan wani, da tambayar inda ake ajiye matsami, da godiya safe da yamma. In na taso daga aiki sai in zauna a tashar Abbey Wood in bar mutane su gama watsewa, don kawai in sami ɗan lokacin da ba na cikin gidan kowa.

Ana tsakiyar azumi na gane abin da ke cin maigidana. Tun kafin a zuba daɓen ya gaya wa abokansa cewa a sabon gida za a ci abincin Sallah bana. Su ne mutanen da suka yi ta ce masa ya sayi ginannen gida ya huta. Wata rana bayan shan ruwa na raka shi bakin ƙofa, ya ce zai ƙara wutar ƙasan sosai, ya kore danshin gaba ɗaya.

"Malam, an ce a hankali."

"A hankalin muke yi tun yaushe? Me ya canza?"

"To ka kira su ka ce an ɗaga. Waye zai kama ka?"

"Ke ba ki san abin da za su ce ba."

"Na sani. Su faɗa mana. Su ne suke wanke kwano a bahon wanka?"

Ya sa takalmi ya tafi. Ban bi shi ba, Hajiya tana jirana da kwanuka.

Bayan 'yan kwanaki na dawo daga aiki da la'asar, na biya ta gidanmu in ɗauki kayan makarantar yarinya. Na tarar da ƙofa a buɗe, shi kuma yana zaune a matakalar ƙarshe, ko kayan asibiti bai cire ba. Gidan ya yi ɗumi kamar ɗakin mai jego. Na yi sallama ya amsa a ciki, sannan ya nuna min ƙasa da haɓa.

Tsaga ce, siririya kamar zare. Ta taso daga bakin ƙofar da za ta zama ta kicin, ta ratsa falon a karkace har kusa da ƙofar baya. Na tsuguna na sa farce, ya shiga.

"Bututun fa?" na ce.

"Na duba. Ba ya yoyo."

"To alhamdu lillahi."

Ya dube ni yana jira. Na san abin da yake jira, in ce ai na faɗa maka. Maganar tana bakina, amma ina azumi, ƙafafuna suna zugi, kuma na ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ban lura ya rame haka ba sai ranar. Na cire takalmi na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Daɓen yana da ɗumi har cikin cinya. Muka zauna a haka, injin danshi yana ta ƙuginsa, har lokacin ɗora kunu ya yi na tashi.

Ya rage wutar a ranar. Mutumin da aka samo ya gyara ya zagaya ya duba, ya ce zai iya zama zafin ne ya yi yawa, zai kuma iya zama rashin barin 'yar tazara a bakin ƙofa lokacin zubawa, shi ba zai rantse ba. Na ga maigidana ya so a ce masa ɗaya, ko da laifinsa ne. Mutumin ya yayyanka daɓen a kan tsagar, ya sa 'yan ƙarafa kamar ɗinki, ya cika da wani irin gam mai warin da ke hawa kai. Ya ce in ya bushe ya fi sauran wurin ƙarfi. Shi ma sai an jira shi.

Maigidana ya kira abokansa ɗaya bayan ɗaya ya ce an yi cancel ɗin cin abincin. Ina jin sa ta waya yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Wasu suka yi masa tsiya, wasu suka ce Allah ya sa a gama lafiya, aka wuce wurin. Abin da ya hana shi barci makonni bai ɗauki mutanen nan minti biyu ba.

A gidan Hajiya muka yi Sallah. Ana jajibiri 'ya'yanta suka iso da jikoki, mota biyu. Sai a lokacin na gane ɗakin da muke ciki shi ne wanda suke sauka duk shekara. Babbar 'yarta ta buɗe ƙofar da akwati a hannu, ta gan mu, ta ja baya tana ba da haƙuri. Uwar ba ta gaya musu ba, mu ma ba ta gaya mana ba. Na ce za mu koma gidanmu yanzu-yanzu, Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ka zauna. Yarinya ba shi da lafiya, ina za ka kai shi? Su yara ne, su kwana a falo."

A falon suka kwana, manya da yara, a kan barguna. Da safe na fito alwala ina tsallake ƙafafun mutane a gidan uwarsu. An yi Sallah lafiya, an ci an sha, jikokin suka ja 'yata cikin wasansu, amma ni duk wunin a takure nake. Suna tafiya na ɗauki hutun kwana uku a wurin aiki, na shiga gidanmu da bokiti da tsumma. Na goge sama tun daga silin har ƙarƙashin gado, na wanke labule, na zubar da duk abincin da ƙura ta taɓa. Na toshe bakin matakala da katako a maimakon leda. Sannan na je na ɗauko 'yata. Hajiya ta rako mu har ƙofa tana cewa mun yi gaggawa, amma da na waiga na ga yadda ta sauke numfashi da ta zauna a kujerarta, kuma ban ga laifinta ba.

Sai da itatuwan layinmu suka yi ganye sannan ɗan akwatin ya yarda. Mai tayil ya duba agogon, ya ce to, yanzu kam. Ban yi murna ba, na dai tambaye shi ran da zai fara. Ya yi aikinsa cikin mako guda, tayil ruwan ƙasa-ƙasa da muka zaɓa tun kaka, har na manta kalarsa. Tsagar ta shige ƙarƙashi. Ni kaɗai nake iya nuna inda ta bi, shi ba ya son a nuna.

Ran da aka gama, rana ta fito sosai, mutane suna yawo da riga mai gajeren hannu. Maigidana ya ce bari ya kunna ɗumin mu ji yadda yake a kan tayil. Na ce ya bari, zafi ake yi. Ya tsaya da hannu a kan makunnin, sannan ya sauke. Haka aka kashe shi gaba ɗaya har kaka ta zagayo.

An kafa kicin bayan nan. Ranar da na fara wanke kwano a tsaye, a wurin da aka yi don wanke kwano, na daɗe ina barin ruwa yana zuba a hannuna. Na dafa tuwo da miyar kuka na kai wa Hajiya, na haɗa da tukwanenta biyu da suka maƙale a wurina. Ta leƙo ta ga falon, ta cire silifas ta taka, ta ce, "Ya yi kyau. Kun wahala." Na ce mun wahala, Hajiya, ke ma mun wahalar da ke. Ta kaɗa hannu ta koma gida.

Da yammar ranar muna zaune a ƙofar baya muna shan shayi, maigidana yana kallon filin da ke bayan gidan, inda tarkacen gini ya taru ciyawa ta fito ta cikinsa. Ya ce ya ga yadda ake shimfiɗa duwatsun tsakar gida, ba wani abu ba ne, in an daidaita yashin shi ke nan.

"Ba da ni ba," na ce.

Ya yi dariya ya ce ai magana ce kawai. Na kwashe kofuna na hau sama na kwanta, ko magariba ba a yi ba. Ba a yi wata guda ba na tsinci kaina a cikin ciyawar nan wata Asabar da safe, ina riƙe da bakin igiyar awo, yana can ɗaya ƙarshen yana ce min in ɗan matsa hagu.